Daga darasin farko zuwa filin gasa: yadda na bi matakan hawan sadil sit a Kentaki

Wanda ya taso yana hawa a gida, ya san sirdi da linzami da kaimi, shi ya fi shan wahala idan ya zo koyon hawan da Amurkawa ke kira sadil sit, domin sai ya ajiye rabin abin da ya iya. Hawa ne na nuna doki. Ana so a ga wuya a miƙe sama, kai a tanƙware, kunnuwa a gaba, gwiwa tana tashi har ta kai daidai ƙirji, mahayi kuma yana zaune can baya kamar babu abin da yake yi. Dawakin da aka fi yi da su su ne American Saddlebred, sai Morgan, da dokin Larabawa, da National Show Horse wanda barbarar Saddlebred ne da na Larabawa. Cibiyar abin tana jihar Kentaki, musamman yankin Shelbyville da Simpsonville, tsakanin Louisville da Lexington, kuma a can na bi matakan. Daga darasin farko zuwa ranar da na shiga fili da cikakkiyar shiga, wata goma sha shida na yi.

Matakin farko waya ce. Bargogin horo ba sa son a faɗo musu haka kawai, don da safe ake aikin dawakin gasa, darasi kuma sai yamma ko Asabar. Na jira mako biyu kafin a samo mini gurbi. Da na je, kafin in taɓa doki sai da na sa hannu a takardar da ke cewa na san hawa yana da haɗari, aka tambayi nauyina da tsawona don a zaɓar mini doki da sirdi, aka ba ni aron hular kwano. Takalmi mai ɗan dunduniya kawai suka ce in zo da shi, don kada ƙafa ta zarce cikin likkafa. Darasi rabin awa ne, na riƙa biyan dala 50, sau biyu a mako. Na gaya wa malamar cewa na iya hawa tun ina yaro, ta yi murmushi, ta ɗora ni a kan wani tsohon dandaƙaƙƙen doki, ta ɗaura masa doguwar igiya, ta karɓe linzamin daga hannuna. Raina ya ɗan sosu, amma kafin minti goma na gane dalilinta.

Sirdin ne ya fara tona mini asiri. Shimfiɗaɗɗe ne, ba ƙwacciyar da za ta tare ka gaba ko baya irin namu na hawan sallah, fatarsa kuma santsi. An yanke gabansa ya shiga ciki kamar inci huɗu don kada ya danne tudun kafaɗar doki idan ya ɗaga wuya, ana kuma ɗaura shi baya kaɗan da inda aka saba ɗaura sirdi, don kafaɗa ta sami sakewa. Girmansa daga inci 19 zuwa 22 ne, kuma tsawon cinyarka ake dubawa wajen zaɓa, ba faɗin mazauni ba. Likkafa idan ka saki ƙafa ta sauka daidai idon sawu ko ƙasa kaɗan. Riƙon daga cinya ne zuwa gwiwa, dunduniya ƙasa, ƙauri ba ya manne da cikin doki sai lokacin ba da umarni. Mako shida na yi a kan igiyar nan ina koyon abu ɗaya: tashi da zama a sassarfa. A sassarfa doki yana jefa ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, sannan ya sauya. Ƙa'ida ita ce ka tashi lokacin da ƙafar gaba ta wajen shinge take zuwa gaba, ka zauna idan ta dawo. In ka kuskure, sai ka zauna bugu biyu a jere ka ci gaba, shi ke nan ka koma daidai. Da farko da ido ake duba kafaɗar, amma alƙali yana ganin mai sunkuyar da kai, don haka dole a koyi jin abin a ƙugu. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne tashi da ƙarfin ƙafa a kan likkafa. Wannan yana tura ƙafa gaba, mazauni ya faɗo a bayan sirdi da nauyi, doki ya lanƙwashe baya ya rage taki. Dokin ne zai jefa ka sama, naka kawai ka sauka a hankali.

Sai a wata na uku aka ba ni linzami, shi ma mai ƙarfe ɗaya mai gaɓa a tsakiya. Cikakken linzamin gasa ƙarafa biyu ne a baki ɗaya, da kamazuru huɗu. Siririn mai gaɓa aikinsa ɗaga kai da juya doki. Na biyun mai dogayen hannuwa ne da sarƙa a ƙarƙashin haɓa, aikinsa tanƙwaro hanci ciki. Kamazurun ɗaga kai yana bi ta wajen ƙaramin yatsa, na sarƙa yana shiga tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ragowar kuma a zubar da ita ta ɓangaren dama. Sarƙar a murɗe ta ta kwanta sumul, a bar gurbin yatsu biyu. In ta yi tsauri doki zai buɗe baki ko ya yi tabarya, in ta yi sako-sako ƙarfen zai kwanta ba ya aiki. A nan hannuna na gida ya cuce ni. Mu mun saba da fizga guda a tsayar da doki cak, kamar a zamiya. Wannan dokin kuwa idan ka danne na sarƙa, sai ya cusa hanci a ƙirji, wuya ya sauka, ƙafar baya ta daina shigowa ƙarƙashin ciki, duk kyan da ake nema ya tafi. Tsayin wuyan da ake gani a hoto daga baya yake zuwa: ka tura doki da ƙauri da ɗan tsaki na baki, ka tare ƙarfin da yatsu, ka saki, ka sake tarewa. Hannu yana sama da tudun kafaɗa gwargwadon inda dokin ya ɗauki kansa, ba gwargwadon yadda ka ga wani ya ɗaga nasa ba.

A wata na bakwai malamar ta sa ni a gasar 'yan koyo, wadda suke kira akadami. Wannan mataki kada kowa ya tsallake shi. Da dokin makaranta ake shiga, ba a buƙatar kwat, wando ne na hawa da riga mai dogon hannu da falmaran da nektai da safar hannu da hular kwano, kuma mahayi ake dubawa, ba tsadar doki ba. Akwai rukunin tafiya da sassarfa kawai, akwai wanda ake ƙara ƙaramar sukuwa. Kuɗin shiga, da hayar dokin, da ladan malama, duka sun tasar mini kusan dala 200 a yini. Na jira awa uku saboda rukunin manya yana bayan na yara. A nan na koyi abin da ba a koyo a barga, wato neman wuri. Idan dawaki takwas suna zagaye, wanda ya maƙale a bayan wasu alƙali ba ya ganinsa. Sai ka yanke kwana ko ka ratsa fili ka fito kai kaɗai a doguwar hanya. Akadami huɗu na yi kafin a ce na isa in nemi dokin gasa.

Zaɓen doki shi ne wurin da kuɗi ke salwanta, kuma tushen ruɗanin shi ne rashin sanin rukunoni. Akwai mai tafiya uku: tafiya, sassarfa, ƙaramar sukuwa, wanda a babban rukuninsa ake aske masa geza. Akwai mai tafiya biyar, wanda ake bar wa geza da wutsiya cikakku, ake kuma sa masa ɗan takalmin fata a ƙafar gaba don kada ta baya ta sare masa dunduniya. Tafiya biyun da aka ƙara duka masu bugu huɗu ne, kowace ƙafa tana sauka ita kaɗai, ɗaya a tattare a hankali, ɗayar da gudu, ita ce suke kira rak. Abin da ya fi kusa da su a wajenmu shi ne takama. Ba a tashi da zama a cikinsu, zama ake yi daram. Ban da waɗannan akwai rukunonin hawan nishaɗi, inda ladabin doki ya fi nauyi a wajen alƙali. Mafi sauƙinsu shi ne kantiri filesha: takalmi fili ba ƙari tsakaninsa da kofato, doki ya yi tafiya a natse, ya tsaya cik idan an ce a tsaya, ya ja da baya, kuma ƙwararrun da ake biya ba sa shiga. Ni zuciyata tana kan mai tafiya biyar, amma malamar ta hana, kuma ta yi gaskiya. Kantiri filesha na zaɓa, na ɗauki hayar wani jan dandaƙaƙƙe mai shekara goma sha biyu na shekara guda maimakon saye. Kafin a sa hannu na kira likitan dabbobi nawa, ba na mai dokin ba, ya lanƙwasa kowace gaɓa ya sa aka gudu da shi, ya ɗauki hoton kofaton gaba da gwiwar baya. A yarjejeniyar a rubuta wa zai biya inshora, wa zai biya likita, da abin da zai faru idan dokin ya gurgunce a tsakiyar shekara.

Doki ya zauna a bargar mai horo, ina biyan dala 1,200 a wata kuɗin ci da kwana da horo, ban da maƙeri da likita. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarancin hawa. A mako, sau biyu ko uku kawai ake ɗora masa sirdi. Sauran kwanakin ko a ja shi da dogayen igiyoyi biyu mai horo yana bin sa a ƙasa, don gyaran baki da saita wuya, ko a ɗaura masa keken doki mai ƙafa biyu a yi sassarfa don ƙarfin baya da numfashi. Aikin kansa ba ya wuce minti ashirin, domin ana so ya fito da zumuɗi, ba a gajiye ba. Ni sau ɗaya a mako nake hawansa, sauran darasina a kan dawakin makaranta, don kada hannun ɗan koyo ya ɓata bakin da aka gyara. Maƙeri yana zuwa duk mako shida. Dawakin manyan rukunoni ana barin kofatonsu ya yi tsawo, a sa fata ko roba tsakanin kofato da takalmi, wani lokaci da ɗamarar ƙarfe ta riƙe, saboda nauyi da tsawo suna ƙara ɗaga ƙafa. Illarsa ita ce irin wannan dokin ba a cika sakinsa a makiyaya ba a lokacin gasa, don in ya fizge takalmi yakan tafi da ɓangaren kofato. Haka wutsiyar nan da ake gani a tsaye: a manyan rukunoni akan sa mata wani abin ɗauri a barga, wasu ma a ɗan yanke jijiyar ƙasanta. Ni wannan bai kwanta mini ba, kuma yana cikin dalilan da suka sa na ji daɗin kantiri filesha, inda ba a yarda da abin ɗaurin a harabar gasa ba. Mutane kuma suna haɗa wannan hawa da ƙona ƙafar doki da sinadari don ya ɗaga ta. Wannan ta'asa an fi saninta a wani sashe na gasar Tennessee Walking Horse, kuma dokar tarayya ta 1970 ta haramta ta.

Takardu a fara su wata biyu kafin gasa. Abu na farko a nemi littafin gasar, wanda ke ɗauke da rukunoni da kuɗaɗe da ranar rufe rajista da sunan ƙungiyar da ake bin dokokinta, don ba duka ne ke ƙarƙashin hukuma ɗaya ba. Tawa ta USEF ce, hukumar wasannin dawaki ta ƙasa. Na yi rajistar zama mamba ta intanet, na bayyana cewa ni ba a biyana don hawa ko horo ko koyarwa, sannan na yi kwas ɗin SafeSport na kare yara daga cin zarafi, wanda wajibi ne ga mamba ɗan shekara 18 zuwa sama. Ya ci mini kusan awa ɗaya da rabi. Sai rajista da ƙungiyar masu Saddlebred, wadda aka kafa a 1891, ofishinta yana Kentucky Horse Park a Lexington. Ta ɓangaren doki ana buƙatar kwafin takardar asalinsa, da gwajin jini na Coggins da bai wuce wata goma sha biyu ba, da shaidar allurar mura da ta EHV, wata ƙwayar cuta mai kama numfashin dawaki, cikin wata shida. In za a tsallaka wata jiha, sai an ƙara takardar lafiya daga likita, galibi ta kwana talatin. Sakamakon Coggins yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo daga ɗakin gwaji. Namu ya ƙare kwana tara kafin gasa, ba wanda ya lura, sai da na biya kuɗin gaggawa. Sunan da ke fom ya zama sunan rajistar dokin harafi da harafi, ba sunan da ake kiransa da shi a barga ba.

Kaya kuwa na hannu na saya, kuma haka yawancin mutane ke yi. Wando ne mai matsewa a gwiwa ya buɗe a ƙasa ya rufe dunduniyar takalmi, da roba da ke ratsawa ƙarƙashin tafin takalmin don kada ya tattare, sai doguwar kwat da ta kusa gwiwa, falmaran, nektai, safar hannu, da hula mai baki. Mata suna ɗaure gashi tamau a ƙeya don kada ya rufe lambar da ake maƙala wa mahayi a baya. A gwada kwat a zaune a kan sirdi, hannu a ɗage, ba a tsaye gaban madubi ba. Nawa hannun rigar ya gaza da inci biyu da na ɗaga linzami, sai da tela ya sake shi. A wasu rukunoni bayan ƙarfe shida na yamma ana sa baƙar shiga ta dare da doguwar hula, amma bai shafi rukunina ba.

An kai doki kwana biyu kafin rukunina don ya saba da wurin. Ni na fara da ofishin gasa, na yi layi kusan minti arba'in, aka duba katunana da takardun doki, na sa hannu a fom tare da mai horo, na bar cak ɗin banki a buɗe, aka ba ni lamba. Lissafin ƙarshe ya haɗa da kuɗin rukuni biyu, ɗakin doki, rabona na ɗakin kaya, buhunan dusar katako ta shimfiɗa, kuɗin gwajin ƙwayoyi, jigila, da kuɗin yini na mai horo da ɗan barga. Ya haura dala 1,500 a kwana huɗu. Duk maganin da dokin ke sha a gaya wa likita tun da wuri, saboda ana iya ɗibar jini ko fitsarin kowane doki ba sanarwa. Ranar gasa shiri ya fara awa biyu kafin lokaci. An riga an aske kunne da baki da bayan kunnuwa, an wanke fararen ƙafafu. Aka kwance wutsiya daga kitson da take ciki duk shekara, aka warware ta da yatsu sili-sili, don mataji yana tsinka gashi. Aka goge kofato aka shafa masa mai sheƙi, aka kitsa ƙyalle mai launi a gashin goshi da farkon geza. Ɗumama jiki minti goma ne kacal. Majayi a sake duba shi bayan an hau. Lokacin da aka rubuta a jadawali kada a dogara da shi, a saurari lasifika, domin in aka soke rukuni biyu a gabanka za a kira ka da wuri, kuma in an rufe ƙofa an rufe.

Da sassarfa ake shiga, a bi ta dama, shinge yana hannun damanka, mai kiɗan ogan, wato wani irin fiyano na lantarki, yana bin takun dawaki. Shigar farko ita ce rabin gasar, don a nan alƙali yake zaɓen waɗanda zai riƙa bi da ido. Mai sanarwa ya kira tafiya, sannan ƙaramar sukuwa, wadda daga tafiya ake ɗaukarta ba tare da taku ɗaya na sassarfa ba. Ka ɗan karkata hancin doki wajen shinge, ka matsa da ƙafar waje, ƙafar gaba ta ciki ta jagoranta. Aka ce a tsaya, aka juya, aka maimaita komai ta ɗaya hannun. A nan na yi asara. A zagayen farko, da ƙafar hagu ke jagoranta, komai ya tafi daidai, da aka juya sai na yi gaggawa, na ba da umarni dokin bai miƙe ba tukuna, ya ɗauka da ƙafar waje a gaban alƙali. Gyaran shi ne ka dawo tafiya nan take ka sake, ba ka ci gaba kana fatan ba a gani ba. Na gyara, amma an gani. Daga nan aka jera mu a tsakiya, kowa ya miƙar da dokinsa, ƙafafun gaba a tsaye na baya a baya, alƙali ya bi layi yana sa kowa ya ja da baya. Kafin ka ja, ka fara matso da doki taku ɗaya gaba ya tattara ƙafafunsa, in ba haka ba zai turje. Da takalmi ya fita ko wani abu ya tsinke, ana iya shiga tsakiya a nemi dakatawa ta minti biyar. Duka abin bai kai minti goma sha biyar ba. Ƙyalle ake ba waɗanda suka ci: shuɗi na ɗaya ne, ja na biyu, rawaya na uku, fari na huɗu, ruwan hoda na biyar, kore na shida. Cikin mu tara, ruwan hoda na samu, hannuna yana rawa har na kasa maƙala shi a aljihun kwat.

Da zan sake daga farko, da na ƙara wata uku a akadami, na yi ta ɗaukar ƙaramar sukuwa da ƙafar dama ke jagoranta a kan dawaki daban-daban har ta zama jiki. Da na nemi mai horo ya rubuta mini kiyasin kuɗin gasa kafin in ce na yarda, don kuɗin rukuni shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Da kuma na rubuta ranar ƙarewar kowace takarda a jikin ƙofar ɗakin doki. Wanda yake tunanin farawa, ya fara zuwa kallo. Manyan gasanni uku ne: ta Junior League a Lexington a watan Yuli, ta zakarun duniya a zauren Freedom Hall na Louisville a watan Agusta lokacin bajekolin jihar Kentaki, wadda ake yi tun 1902, sai American Royal a Kansas City a watan Nuwamba. A Louisville ne dokin nan Wing Commander ya ci babban kambin masu tafiya biyar sau shida a jere, daga 1948 zuwa 1953. Rukunonin nishaɗi a can ba a shiga kai tsaye, sai an cancanta ta ƙananan gasanni, kuma sharuɗɗan suna cikin littafin kowace shekara. In ka je, ka bar kujerarka na ɗan lokaci ka tsaya a bakin filin ɗumama jiki, inda za ka ji abin da masu horo ke faɗa wa mahayansu, ka kuma ga yadda yatsunsu ke aiki a kan kamazuru daga kusa.